Sunan da Dada Ba Ta Faɗa

Duk direban da ya taɓa ajiye kamiyo, wato babbar mota, a ƙofar gidanmu a Garwa ya san Dada Zenaba, ko da bai san sunanta ba. Ya san ruwan wanke-wankenta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Fitowa kawai take yi da baho, ta auna tayar gaba, ta sheƙa, ta gyara mayafi kamar wadda ta dawo daga ta'aziyya. In direban ya yi magana ta ce, "Au, mota ce? Na ɗauka juji ne." Ni 'yarta ce, Sadiƙa, auta, tela, kuma keken ɗinkina a zaure yake, saboda haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Gidan namu a bakin titin da ke gangarawa gadar Binuwai yake. Abin da zai hau Marwa da Chadi, da abin da zai sauka Ngaundere, duk sai ya girgiza mana bango kafin ya wuce. Kwanonin jeren Dada ba su taɓa yin shiru na awa guda ba. Babanmu ne ya zaɓi filin, da gangan, don ya riƙa hango motarsa daga kan tabarma.

Direba ne, shekara talatin da huɗu, albasa da auduga, a wata tsohuwar kamiyo mai dogon hanci wadda in ta tashi sai kajin unguwa su watse. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Laifinsa ɗaya a wurin Dada, ba ya amsawa. Sai ta zo bayansa ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta ce "ga tuwo", ta sake cewa "na ce ga tuwo", shi kuwa ya ba ta ƙeya yana goge wani ƙarfe. Amma ya ɗora tafin hannu a kan injin, yanzu zai gaya maka wane noti ne ya kwance.

Ranar da zai rasu, shekara tara ke nan, muka kewaye shi. Ya yafito Dada da hannu. Ta matso, ta sunkuya, hawaye na zuba, tana jiran kalmar da ta daɗe tana jira. Ya ce, "A riƙa tayar da ita kowace safiya, kada batir ya mutu." Ya yi shahada, ya cika. Dada ta yi takabarta cif, wata huɗu da kwana goma, ranar da ta fita ta sa aka kira masu sayen ƙarafa. Har yau in ka ce Allah ya jiƙansa za ta ce amin, amma sai ta ɗan jinkirta.

Sunansa Abdulbaƙi. Rubutawa na yi, ban faɗa ba, kada wani ya kai ƙarata. A gidanmu ba a faɗin wannan suna. Dada ba ta taɓa furta shi ba tun ranar da aka ɗaura aure, don mace mai kunya ba ta kama sunan miji. Da za a yi mata katin shaida aka tambaye ta sunan mijinta, juyawa ta yi ta kalli bango, sai da ma'aikacin ya gaji ya aika waje aka samo wanda ya san mu.

To sai yayana Bilya, da ke kasuwanci a Mora, ya samu ɗan fari, ya yi wa Baba takwara. Kowa ya nemi hanyar kaucewa. Mu 'ya'ya muka ce Abba. Dada ta ce Maigida, yadda kaka ke tsokanar jika. Uwar yaron, Aisatu, da yake ɗan farinta ne, kunya ba ta barinta ko ta dube shi a gaban mutane. "Wannan yaron" take cewa, shi ma sai in ya doshi murhu. Yaro ya shekara biyu a duniya, sunansa na kan takardar haihuwa da bakin limamin da ya raɗa, shi ke nan.

Da yaye ya zo aka yi rigima. Uwar Aisatu, Hajiya Kaltouma, ta ce jikanta a ɗakinta zai zauna, ga ta nan Mora kusa. Dada ta ce ina! Ita fa a unguwarmu da abu biyu aka san ta, ƙuli-ƙuli da yaye. Yara goma sha ɗaya ta yaye, nata da na dangi, kowanne ya koma gida da kumatu da baki kamar reza. Ta ɗauki waya, ta sa na danna mata, ta ce, "Hajiya, yaron nan shekara biyu ko 'Mama' bai ce ba, a hannunku. Ku ba ni shi zuwa Layya. In ba ku zo kun tarar yana gaishe ku da Hausa da Fillanci ba, har da bonjur na Faransanci, ku ɗauke abinku, ba zan sake buɗe baki ba."

Hajiya Kaltouma ta ce, "Na ji, kuma Allah ya ji."

Na ce, "Dada, wa ya aike ki?" Ta ce in rufe mata baki, ni ma da ban yi shiru ba tun da aka haife ni, aikin wa ne?

Aka kawo shi ƙarshen damina. Ɗan baƙi, gajere, da goshi irin na Baba. Bai yi kukan uwa ba, bai dubi kunun gyaɗar da aka dama masa ba. Yana shigowa zaure wata tirelar siminti ta taho, bango ya ɗauki rawa. Yaron nan ya tsaya cak, ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki, ya manna kunci a ƙasa, ya lumshe ido yana murmushi kamar an ba shi nono. Tirela ta wuce, ya tashi ya bi ta da gudu. A bakin kwalta na cafko shi.

Dada ta dafe ƙirji. Ta ce, "Innalillahi. Ya dawo."

Daga ranar ba abin da ya tsira a gidan. Murfin tukunya taya ne. Faifai taya ne. Ƙuli-ƙulin Dada mai zobe, wanda ake zuwa saye har daga Pitowa, shi ma taya ne, a ƙasa ake gara shi. Silifas ɗinta ya loda wa gyaɗa, ya ɗaura masa carbinta a baya, yana ja a tsakar gida yana kaɗa leɓe, brrrr, yawu na tashi. Ta idar da salla ta laluba babu carbi, ta leƙo ta gan shi ya zama igiyar jan kaya. Ta ce, "Kai Maigida, tsoron Allah fa?" Ko gezau. Ya ba ta ƙeya.

"Kin gani?" in ji ta. "Ƙeyar nan ce. Ko a cikin dubu zan gane ta."

Moto, wato babur, ba ta burge shi, ko da guda ɗari za su wuce suna tsiwa. Keke ma sai dai ya kifar da shi ya juya tayar. Shi dai a ba shi abin da ke motsa ƙasa: tifar yashi, tankar mai, motocin auduga masu jela biyu da ke fitowa da rani. Kuma kafin kowa ya ji ɗuriyarsu shi ya sani. Yana zaune yana wasa sai ka ga ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya miƙe ya nufi ƙofa, sai can mu ji ƙugi daga wajen gada. Makwabta suka ce baiwa ce. In titi ya yi shiru kuma ni ce abin tausayi. Zai zo ya kifa goshi a kan teburin kekena ina ɗinki, in na tsaya ya kama ƙafata ya mayar kan feda. Na lalata wa wata amarya hannun riga saboda shi, har yau ba ta gaishe ni.

Magana kuwa babu. Wata uku, wata biyar. Kowace Juma'a sai saƙon murya ya shigo daga Mora, da daɗin baki kamar zuma: "Hajiya, ina gajiya? Ya mijin naki? An fara bonjur ɗin?" Dada ta saurara sau biyu, ta yi tsaki, ta ce in amsa da cewa lafiya lau.

Ta shiga neman magani. Rubutu ya sha har ya fara gudun kofi. Wata tsohuwa ta ce a ba shi ragowar ruwan aku, aka je gidan wani ɗan kudu mai aku aka roƙo. Akun nan da na gan shi, abu biyu ya iya, zagi da Faransanci da kukan moto. Na ce, "Dada, in maganin ya ci fa?" Ta ce ko zagi ne ya yi, ita dai ta ji murya. Daga nan aka ce a samu wanda ya fi kowa surutu a unguwa ya tauna dabino ya ba shi. Ina zaune ina ɗinki na ga mata huɗu sun tsaya a kaina da dabino a faranti. Na ce, "Ni? Duk unguwar nan ni?" Ba wadda ta ko yi kara. Na tauna, na ba shi, ya tofar, ya koma ƙofa.

Amma kada in yi mata ƙarya, son yaron nan ya kama ta kamun da ban taɓa gani ba. Ita da ba ta bari a taɓa mata gado, a kan cikinta yake barcin rana. Tana yi masa wanka tana masifa: "Ka bar ni da batir, ka dawo ka cinye min ƙuli. Kuɗin cefane fa, Maigida?" Shi kuwa ya kafe bakinta da ido yana dariya. In tana gabansa, duk abin da ta nuna zai yi. In tana bayansa, sai dai ta yi da bango. Mu duka mun ga haka, muka ce halin kakansa ne, muka yi dariya.

Saura wata guda Layya abin ya faru. Zafin Garwa ya kai inda ko ƙadangare ba ya tsallaka titi. Akwai wani direban tanka, Mahamat, mutumin Kusiri, wanda ruwan Dada ya wanke masa taya ya fi sau goma bai yi zuciya ba, don yana son ƙulinta. Ranar ya tsaya da hantsi. Abba ya zille ya tafi can tayoyin baya, ya tsuguna yana ƙwaƙule tsakuwa daga jikin roba, ya juya mana baya. Mahamat ya ce bari ya faranta wa abokinsa rai. Ya hau, ya ja igiyar ham, irin mai iskar nan.

Wayyo! Allura ta shige min yatsa. Akuyar makwabta ta tsinke igiya. Wani dattijo da ke alwala a gefen titi ya yi jifa da buta ya fara salati. Dada kanta sai da farantin ƙuli ya kife.

Abba bai ɗago ba. Ya ciro tsakuwarsa, ya duba ta, ya sa hannu ya nemi wata.

Mutane suka fashe da dariya. "Namiji!" "Jinin direba ne, ham ba ya ba shi tsoro!" Mahamat ya sauko yana tafawa, ya ce wannan yaro sai ya kai mota Njamena. Ni ma na yi dariyar, da yatsa a baki. Da na waiwaya na ga Dada ba ta dariya. Ba ta ma tsince ƙulin ba. Ta je ta ɗauko yaron, ta shige ciki, ko ruwa ba ta watsa wa tankar ba.

Kwana uku gidan ya zama wani iri. Sai in ga ta lallaɓo bayansa ta saki murfin tukunya. Shiru. Ta buga turmi, ya waiwayo. Fuskarta ta washe, sai kuma ta dubi ƙasan da turmin ke kai, ta dubi ƙafafunsa, fuskar ta koma. Ta tafa, ta yi guɗa, ta kira Maigida da muryar da ake jinta a gada. Ni tsoro ya kama ni, kuma ni in tsoro ya kama ni baki nake saki. Na ce, "Dada, ki bar wahalar da kanki. Wa ya ce masa sunansa Maigida? Ni in ce Abba, ke ki ce Maigida, uwarsa ta ce wannan yaron. Ko ni ce ba zan amsa ba. Yaro bai taɓa jin sunansa na gaskiya ba."

Na faɗa ne don in kwantar mata da hankali. Ban san za ta ɗauka ba.

Ta ce, "Haka ne." Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Yana tsakar gida yana jan silifas. Ta ce, "In taurin kan wancan ne ya gado, to ni ce ban taɓa kira ba. In na kira, ko a kabari yake sai ya waiwayo."

Na ce bari in kira ɗan makwabta ya faɗa. Ta ce in zauna.

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta je bayansa kamar taku uku, daidai inda take tsayawa da kwanon tuwo a da. Ta buɗe baki ta rufe. Na ga gumi na bin wuyanta. Tsohuwa mai shekara sittin da bakwai, sai ga ta tana jan mayafi tana rufe fuska kamar amarya. Sannan ta faɗa, a hankali, har da ƙyar na ji.

Brrrr, in ji Abba.

Ta sake faɗa, da ƙarfi. Ta uku kuwa ihu ta yi, sunan gaba ɗaya, har matar makwabcinmu ta leƙo ta katanga da ludayi a hannu, baki buɗe. Silifas ya ci gaba da tafiya, carbi na binsa.

Dada ta zauna a ƙasa, nan inda take. Ta ce, "Sadiƙa, yaron nan ba ya ji." Na fashe da kuka. Ita ba ta yi ba, ta ce in tashi in nemo mayafina.

A asibiti aka tura mu wurin wata Madam Véronique, mai duba kunne, 'yar kudu amma Fillancinta ya fi nawa. Ta sa masa wasu abubuwa a kunne, ta yi ta danne-danne, shi kuwa ya gano kujerarta na da taya, ya ƙi barinta ta zauna lafiya. Ta tambaya ko ya taɓa zazzaɓi mai tsanani. Na ce yana wata tara sanƙarau ya kama shi a Mora, sati uku a kwance, muka yi sadaka da ya tashi. Ta gyaɗa kai. Ta ce kunnen hagu ya tafi, na dama akwai ɗan saura, za a gwada masa na'ura, kuma akwai inda ake koya wa irinsu magana da hannu a nan garin. Ta ce manyan motocin da yake so, da jikinsa yake jin su, ta ƙasa. Ta ce, "Amma shekara biyu, Mama, ba wanda ya lura in an kira shi ba ya juyowa?"

Dada ta ce, "Mun lura. Mun ɗauka gado ne. Kakansa ma haka yake, a yi ta magana ya ba mutum ƙeya."

"Kurma ne kakan?"

"Kurma? Girman kai dai. Direban kamiyo ne."

Madam Véronique ta ajiye biro. Ta tambayi shekara nawa ya yi yana tuƙi, na gaya mata. Ta ce ita ba ta iya auna wanda ya rasu, kuma ciwon yaron daban ne. Amma tsofaffin direbobin manyan motoci suna zuwa mata da yawa, injin ya cinye musu kunne kaɗan-kaɗan ba su sani ba, yawanci ma matansu ke jawo su, wai an daina kula su. Ta ce, "In an zo ta gabansa an yi magana, yana amsawa?"

Ni na san amsar. Mu yara a kan cinyarsa muke hawa mu yi masa ihu a fuska, bai taɓa ƙin amsa mana ba. Dada kuwa mace ce mai tarbiyya. Daga baya take tsayawa, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ƙi hawa moto da muka fito. Ta goya yaron, muka taho a ƙasa cikin wannan rana. Mun kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Farkon aurenmu yana amsawa. Tun kafin in rufe baki. Na ɗauka gajiya ya yi da ni." Muka ƙara tafiya kaɗan. Ta ce, "Taku uku ne fa, Sadiƙa. Da na zagaya."

Saura kwana biyu Layya mutanen Mora suka iso: Bilya, Aisatu, da Hajiya Kaltouma cikin leshi mai ƙyalli, riƙe da jaka babu komai a ciki, ta kwasar kayan yaro. Na so in ce wani abu a kan jakar nan, Dada ta harare ni. Aka gaisa, aka sha ruwa. Hajiya Kaltouma ta gyara zama ta ce, "To, ina bonjur ɗinmu?"

Dada ta sauko daga kan kujera ta zauna a tabarma. Ban taɓa ganin ta zauna ƙasa da wata suruka ba. Ta ce, "Hajiya, na yi cika baki, ban cika alkawari ba. Yaron nan ba ya ji, tun ciwon nan. Wata takwas yana hannuna ina ba shi ruwan aku. Ga takardun asibiti. Ga kayansa na ninke. Ku ɗauke shi, amma don Allah kada wanda ya dake shi a kan ba ya amsa kira."

Bilya ya sunkuyar da kai. Sai Aisatu ta tashi, Aisatun da ba ta taɓa duban ɗanta a gabanmu ba, ta tsallake ƙafar uwarta da ta uwar mijinta, ta sure shi ta ƙanƙame tana kuka da sauti, tana cewa ita ma ta dake shi, sau biyu, a kan ta kira ya ƙi zuwa. Ba wanda ya tuna da wata kunya. Shi kuwa gogan ya gaji da matsa, ya zame, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ruga zaure. Can sai kwanonin jere suka fara kaɗawa.

Hajiya Kaltouma ta bi shi. Muka bi ta. Yana kwance rub da ciki, kunci a ƙasa, ido a lumshe, tirela na wucewa. Ta tsaya ta kalle shi har motar ta ɓace. Sannan matar nan, da leshinta da awarwaronta, ta durƙusa da ƙyar ta ɗora tafin hannu a ƙasa kusa da kansa, ta jira ta gaba.

Da ta miƙe ta ce, "Gidana a lungu yake. Ko amalanke ba ya shiga. Me zai ji a can?" Ta karkaɗe hannu. "Ya zauna. Amma Hajiya, ban ce kin ci ba."

Dada ta ce, "Ban ce na ci ba."

"Kuma jakar nan ba za ta koma haka ba, a cika min ita da ƙuli."

Yanzu shekara ta zagayo. An sa masa na'urar, yana cire ta ya loda a silifas. Yana zuwa koyon maganar hannu, mu ma muna zuwa, kuma abin haushi Dada ta fi ni iyawa. Ta riga ta gano yadda ake zagi da yatsu. Baho ya yi ritaya. Kowace safiya tana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ita da shi, suna duban titi. Direbobi sun kasa yarda. Mahamat har yau in zai tsaya sai ya leƙo ta taga ya duba hannunta tukuna.

Madam Véronique ce ta ce a riƙa ɗora hannunsa a maƙogwaro in ana magana, ya ji motsin murya. Na gwada, ya ture ni, wai tawa ba ta da nauyi. Ta Dada yake so. Zai hau cinyarta, ya kama wuyanta da hannu biyu kamar sitiyari, ya jira. Ta gwada Maigida, ta gwada bonjur. Ba abin da ke sa shi dariya irin sunansa, in ta ja shi tun daga ƙirji.

Saboda haka duk wanda ya bi ta titin gada da safe zai ga tsohuwa a bakin hanya tana kiran sunan mijinta da iyakar ƙarfinta. Unguwa ta yi ta magana. Matar liman ta zo takanas ta ce, "Haba Dada, da girmanki? Ai sai a ce kin zauce." Dada ta ce, "Shekara arba'in na yi shiru, wa ya amfana?" Ta juya yaron ya fuskance ta sosai, ta ɗora hannunsa a wuyanta, ta sake kira.

Wani lokaci yana sauka ya tafi wurin tayoyinsa, ita ba ta lura ba, ta ƙara faɗa sau ɗaya, a hankali, tana kallon inda tsohuwar motar ke tsayawa a da. Ni dai ina taka kekena. Ban taɓa tambayarta wa take kira ba.